Siginar da Ta Fi Tasha Tsawo

Asabar, 6 ga Janairu, bayan la'asar

Midhat ya zo. Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goya shi, amma yau da takarda ya shigo mini gida. Ya ajiye ta kusa da kwanon wake ya ce, "Abla Afaf, ki karanta a natse." Abla, wato Yaya. Shekara ashirin da shida ina koyar da labarin ƙasa a makarantar 'yan mata, yau an sami mai ce mini in karanta a natse.

Ga abin da takardar ta ƙunsa. Ran 28 ga wata Dakta Shahira za ta zo ta duba Baba. In ta rubuta cewa ba ya fahimtar abin da ake ciki, Midhat ya zama mai yanke shawara a madadinsa, ya ɗauke shi ya kai shi wancan gidan jinya na unguwar Agami, inda ake jera tsofaffi a baranda kamar shanya suna kallon teku. In ta rubuta yana fahimta, a bar shi inda yake, a wurina.

"Akwai masu jinya a can koyaushe," in ji shi. "Ba a barin kowa shi kaɗai."

Ya faɗi "shi kaɗai" ɗin yana kallon inda ƙyauren banɗaki yake a da. Na ce ya sha shayinsa kada ya huce. Ba zan rubuta zancen Talatar nan ba.

Baba yana kan kujerarsa yana kallonmu. Usta Garib, wato Oga Garib a bakin ma'aikata, wanda ya yi shekara talatin da takwas yana jan jirgin ƙasa tsakanin Iskandariya da Alƙahira. Wata biyu ke nan bai ce uffan ba, tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Hannun dama ya mutu, na hagu yana rawa.

Lahadi, 7 ga Janairu, bayan la'asar

Na buga wa Dakta Shahira. Ta ce, "Ki sama masa abin da hannunsa ya sani." Matar Midhat ta ji haka ta aiko da littafin zane na yara da fensira masu launi. Agwagwa ce a shafin farko. Mutumin da ministoci suka yi barci a bayansa yana jan jirgi, a ba shi agwagwa ya shafa mata ruwan ɗorawa. Na jefa a kwandon shara, sannan na ciro fensiran, don ba su yi mini laifi ba.

Na tuna wani kanti a unguwar Attarin da na sha wucewa, mai ƙananan jiragen ƙasa a taga. Na je na tarar da shi a rufe. Mai kantin Bakibɗe ne, cikin Kiristocin Masar, yau Kirsimetinsu. Na tsaya cikin ruwan sama ina zagin ƙofar da ba ta san ina yi ba.

Litinin, 8 ga Janairu, azahar

Na koma kantin. Ustaz Makram sunan mai shi. Sanƙo, tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi. A cikin kantin akwai wasu tsofaffi biyu suna shan gahawa, da gani nan ne majalisarsu.

"Na jika ne, Madam?"

"Na ubana ne."

Sai ya cire tabarau ɗaya ya ce kafin a sayi ko ƙusa, sai an zaɓi ma'auni. Ya fara yi mini bayanin mene ne ma'auni, a hankali, yadda ake yi wa kurma. Na ce, "Ustaz, na koya wa 'yan mata fiye da dubu uku yadda ake sa Kogin Nilu a shafi ɗaya. Faɗa mini lambobin kawai."

Ya jera kan jirgi uku a kan kanta. Babba, wanda suke kira O, kamar burodi, jirgin gaske aka rage sau arba'in da biyar. Matsakaici, HO, sau tamanin da bakwai, ya cika tafin hannu. Ƙarami, N, sau ɗari da sittin, bai fi yatsana tsawo sosai ba. Kowanne da faɗin dogonsa, wani ba ya hawa na wani.

Sai tsofaffin suka farka. Ɗaya ya ce HO ne ma'aunin masu hankali, shi duniya ta fi bi, komai ana samu. Ɗayan ya ce HO na marasa ra'ayi ne, N kuwa na masu gyaran agogo, in kana son jirgi ka ji nauyinsa sai O. Na farkon ya ce, "Kai da matarka ta kore ka da jirginka zuwa saman bene?" Na biyun ya ce, "Gara ni ina da benen." Maza masu furfura, jikoki a jami'a, suna neman cin kwalar juna a kan milimita.

Abu ɗaya suka yarda a kai, su ukun. "Ba a haɗa ma'auni biyu a tebur ɗaya, Madam," in ji Ustaz Makram. "Mutum ya zaɓi ɗaya, ya mutu a kai."

Ya tambaye ni girman wurin da nake da shi. Ya kuma tambayi wani abu, na ce ba ruwansa.

Talata, 9 ga Janairu, safe

Talata.

Laraba, 10 ga Janairu, bayan la'asar

Na auna gidan nan lungu-lungu da zaren awo. Ɗaki biyu da falo a unguwar Muharram Bey, kuma kowane bango littattafai ne har rufi. O ba zancensa, sai dai mu koma kwana a matakala. HO yana son allo mai faɗin fiye da mita, don jirgin ya sami wurin juyawa. Zai shiga falo in na kwashe kantoci biyu na littattafai.

Littattafaina ba za su motsa ba. An ƙwace mini barci, an ƙwace mini makaranta tunda na ɗauki hutu, an ƙwace mini fita. Ba za a ƙwace mini bango ba.

N yana shiga kan ƙyaure guda, haka Ustaz Makram ya ce. Ina da ƙyaure, na banɗaki. Yana jingine a lungu tun ranar da maƙwabta suka ɓalle shi. Wurin sakatar a tsage yake, amma sauran lafiya lau.

Alhamis, 11 ga Janairu, azahar

Na sayi N. Kan jirgi ɗaya, tarago huɗu, dogo mai zagayawa, tasha kamar kwalin ashana, akwatin wuta mai maɓallin murɗawa, da sigina ɗaya, wato sandar nan mai hannu da ke ba direba izini. Hannu a miƙe, tsaya. Hannu ya sunkuya, wuce. Tsawonta bai kai ɗan yatsana ba, hannun kuwa kamar ƙwayar shinkafa.

Mai son O ya bi ni da kallo ya ce, "Allah ya ba da haƙuri." Kamar na fito daga gidan makoki.

Lahadi, 14 ga Janairu, kafin magariba

Kwana uku ina durƙushe a kan ƙyauren nan da hantsaki. Ƙusoshin kamar gashin gira. Na soke yatsa sau shida. Ƙafafun taragon ba sa zama kan dogo sai na riƙe numfashi. Na ƙona miyar lalo, muka ci burodi da cuku. Duk wanda ya ƙirƙiro wannan wasa ba shi da wanki a gida.

Baba yana kallona daga kujera. Ban san me yake gani ba. A da ina karanta fuskarsa tun daga ƙofa. Shi ma haka yake da marigayiya Mama. In ya dawo aiki ya kasa gane yanayin fuskarta, sai ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa, ya yi mana raɗa ni da Midhat: "Siginar da ba ka gani sosai ba, ja ce." Ba ya shigowa sai ta yi murmushi ko ta yi masifa.

Litinin, 15 ga Janairu, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na ɗora ƙyauren a kan teburin cin abinci, na turo kujerarsa gefen akwatin wuta.

Ya ɗaga hannun hagu da kansa. Da kansa! Ya ɗora a kan maɓallin, ya miƙe zaune, ya gyara kafaɗa yadda nake ganinsa ta tagar jirgi ina yarinya. Rawar hannun ma ta ragu.

Ya zuba ido gaba, bai murɗa ba. Na sunkuyar masa da hannun siginar, na ce, "Bismillah, Baba." Bai murɗa ba. Minti arba'in. Na ɗora hannuna kan nasa don in taimaka, ya ƙanƙame maɓallin da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Na zare akwatin na murɗa da kaina, jirgi ya zagaya, sai ya kau da kai ya yi wani gurnani kamar na yi sata a gabansa.

Talata, 16 ga Janairu, azahar

Bai murɗa ba.

Laraba, 17 ga Janairu, azahar

Bai murɗa ba. Na yi masa tsawa. Ni. Allah ya yafe mini, ko kada ya yafe, ban san wanda na fi so ba.

Juma'a, 19 ga Janairu, bayan an sauko masallaci

Midhat ya zo da lemo da matarsa. Ya tsaya a kan tebur ya dubi jirgin, ya dubi Baba da hannunsa a kan maɓalli, ya dubi ƙyauren. Ya gane ƙyauren.

"Abla, wannan fa? Kin mai da Usta Garib ɗan yaye?"

"Matarka ce ta aiko masa da agwagwa."

"Ko me yake riƙe da shi bai sani ba. Dube shi mana! Kwana nawa yana zaune haka?"

"Kai kwana nawa ka taɓa zama da shi? Kana zuwa ran Juma'a kamar mai karɓar sadaka, ka sumbaci goshi, ka duba agogo."

"Ni dai ban taɓa barinsa ba na tafi..."

Matar ta ja hannun rigarsa. Bai tsaya ba. Ya faɗi adadin awannin. Daidai ya faɗa, bai ƙara ko minti ba, shi ya sa na ce ya fitar mini daga gida da lemonsa. Lemon ya zube a matakala, na ji yana gangarawa hawa uku.

Duk wannan a gaban Baba. Hannunsa bai bar maɓallin ba.

Asabar, 20 ga Janairu, safe

Na tsince lemon. Baba yana son lemo.

Lahadi, 21 ga Janairu, azahar

Na koma Attarin da masifata a baki. Na ce wa Ustaz Makram ya sayar mini da tururuwa ya kira ta jirgi. Ya bar ni na gama, sannan ya sauko da tabarau na goshi.

"Madam, ranar farko na yi miki tambaya biyu. Girman ɗaki, kin dawo mini da amsa har da santimita. Na ce yaya idon mai gidan, kin ce ba ruwana."

Ba abin da na tsana kamar namiji ya yi gaskiya cikin ladabi.

Ni da nake faɗa wa yara kullum cewa ba a zaɓar ma'aunin taswira don girman aljihu, ana zaɓa ne don wanda zai karanta ta. Na auna bango, na auna ƙofa, na auna lungun firiji. Ban auna Baba ba. Tun bara aka ce idonsa na dama ya yi yana, na hagu ma na biye.

Ustaz Makram ya ce zai karɓi N ɗin ya ba ni HO. Saura kwana bakwai. Kantoci biyu za su fita. Littattafan sai dai masu tsofaffin littattafai na titin Nabi Daniyal su zo su kwasa. Ban sake taka titin nan ba tun Talatar nan. Zan aika musu.

Litinin, 22 ga Janairu, bayan la'asar

Na fara sauke kanta ta farko. Kowane littafi na ɗauka sai na zagi wani. Na zagi Midhat, na zagi likita, na zagi wanda ya sa sakata a ƙofar banɗaki ta ciki. Ni na sa aka sa ta, shekara goma da suka wuce, don baƙi.

Laraba, 24 ga Janairu, ƙarfe tara na safe

A bayan kanta ta biyu, can ƙasa, na sami wani littafi mai baƙin bango da maiƙo a gefuna. Littafin ƙa'idojin direbobi ne, na Baba. A gidan nan na karanta komai, waƙoƙin mutanen da, tarihin dauloli, labaran ƙasashen da ƙanƙara ke rufe ƙofa, har takardar cikin kwalin magani. Wannan ne kaɗai ban taɓa buɗewa ba. Ina ganin littafin masu maiƙo ne.

Na zauna a ƙasa na karanta shi tun daga bango. Bushasshe ne kamar garin katako. A tsakiya, an ja layi biyu da jan fensir a ƙarƙashin ƙa'ida ɗaya. Ma'anarta: in direba ya zo wurin da ya san akwai sigina bai gan ta ba, ko ya gan ta bai tantance abin da take nunawa ba, to ya ɗauka ta ce tsaya, kada ya motsa sai ya tabbata.

Na ɗauka wasa yake yi da Mama. Ashe aiki ne yake kawowa gida.

Na je na zauna a kujerarsa, na sa tabaransa, na rufe ido ɗaya da tafin hannu, na dubi ƙarshen ƙyauren. Tashar tana nan dishi-dishi. Sandar siginar kamar zare. Hannunta babu shi sam.

Kwana tara mutumin nan yana zaune a bakin aiki, hannu a kan maɓalli, yana jiran izini. Ni kuma ina masa tsawa. Har na ja jirgi a gabansa na wuce siginar da a wurinsa ja ce.

Ko kuma ƙarya nake yi wa kaina, kuma Midhat ne mai gaskiya. Shi ya sa ban gwada ba tukuna. In na gwada bai murɗa ba, ba ni da sauran dabara.

Alhamis, 25 ga Janairu, azahar

"Na fasa HO," na ce wa Ustaz Makram. "Sigina nake so. Wadda ta fi kowacce girma a kantin nan."

"Ta wane ma'auni?"

"Waccan ta taga."

Ta ma'aunin jiragen lambu ce, waɗanda suka fi O ɗin ma girma. Ta kai tsawon damtsena, hannunta ja kamar wuƙar tebur, da ɗan mariƙi a gindi.

Mai son HO ya ajiye kofinsa. "A kan N? Madam, ai ta fi hasumiyar masallaci a wurin nan. In mutum ya tsaya a tasharki ya ɗaga kai sai hularsa ta faɗi."

Mai son O ya ce, "Shekara arba'in ina wannan harka, ban taɓa jin saɓo irin wannan ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, shekara arba'in kana wasa da jirgi. Ubana shekara talatin da takwas yana jan na gaske da rayukan mutane a bayansa. Wane ne a cikinku zai koya masa sigina?"

Na ba su labarin ƙa'idar. Ustaz Makram ya hau kujera ya sauko da ita daga taga, ya goge ƙura da hannun rigarsa, ya ɗiga mata mai a gaɓa. Mai son O ya ce, ba tare da ya dube ni ba, in kafa ta gefen hagu, inda direba ya saba nema. Ya ce kada in faɗa wa kowa shi ya faɗa.

Asabar, 27 ga Janairu, kafin magariba

Ba zan rubuta ba, kada baki ya kama. Na dafa masa kifi.

Lahadi, 28 ga Janairu, bayan la'asar

Dakta Shahira ta iso ƙarfe goma, Midhat ya riga ta da takardarsa. Ta zauna gaban Baba da tambayoyinta. Yau wace rana? Nuna mini biro. Ɗaga yatsa biyu, ya Hajji. Baba ya dubi bango. Ban ga laifinsa ba, ni ma da bangon zan duba. Midhat ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya ci shari'ar da ba ya son ci. Ta buɗe biro.

Na ce, "Dakta, minti goma."

Na yaye zanen da na rufe tebur da shi. Midhat ya ga siginar tsaye a kan 'yar tashar kamar raƙumi a kan kaza, dariya ta kuɓuce masa. "Abla, ke ma a duba ki."

Na turo kujera. Baba ya ɗora hannu. Hannun siginar a miƙe. Baba bai murɗa ba.

"Kin gani ko?" in ji Midhat. "Haka yake yi."

Na danna mariƙin. Jan hannun ya sunkuya.

Baba ya murɗa. Ba fizga ba, a hankali, yadda yake fahariya cewa shayi ba ya zuba a jirginsa. Jirgin ya tashi, ya ƙara gudu a miƙaƙƙen layi, ya rage a kwana, ya wuce ta gefen tsagar sakata, ya zagayo. Na ɗaga hannun. Ya tsayar da shi ƙiris kafin sandar.

Dakta ta ajiye biro ta ce in matsa. Ita ta karɓi mariƙin. Ta sauke, ya tafi. Ta ɗaga, ya tsaya. Ta yi kamar za ta sauke ta fasa, bai ruɗu ba. Sau goma sha ɗaya, ina ƙirgawa. Daga nan ta sunkuyar da hannun, jirgi na tafe, sai ta ɗaga fayil ɗinta ta kare siginar gaba ɗaya. Baba ya tsayar da jirgi nan take, ya juyo ya yi mata kallon da yake yi wa sababbin ma'aikata.

"Me ya sa ya tsaya?" in ji ta. "Ai a sauke take."

Na buɗe baki, amma Midhat ya riga ni. Muryarsa kamar ba tasa ba. "Siginar da ba ka gani sosai ba, ja ce." Ya fita baranda ya daɗe yana kallon shanyar maƙwabta.

Ta rubuta yana fahimta. Ta rubuta a duba idonsa. Ta kuma rubuta dole a sami mai jinya ta zauna da shi duk lokacin da zan fita, ta dube ni ido cikin ido tana rubutawa. Ban yi gardama ba. A rubuta wannan a tarihi.

Midhat ya naɗe takardarsa ya sa a aljihu. A bakin ƙofa ya ce, "Zan turo kafinta ya sa wa banɗakin sabon ƙyaure. Marar sakata."

Na ce, "Ka zo da kanka ka riƙe masa guduma, ko hannunka ya san aiki."

Har yanzu ina jin haushinsa. Ina jin zan daɗe ina ji.

Talata, 30 ga Janairu, ƙarfe sha ɗaya na safe

Awa biyar yana kwance a banɗaki, sakata a rufe, ni ina waje. Na ce masa minti talatin zan yi, wani littafi ne aka ce an gani a Nabi Daniyal. Ban ma same shi ba. To, na rubuta.

Na mayar da littattafai kan kanta. Mai baƙin bangon na sa shi a tsakiya, daidai ido.

Ɗazu ina goge ƙura a tebur, Baba yana shan shayi, na ga kan jirgin ya tsaya nesa da tasha, sai na miƙa hannu na murɗa maɓallin don in matso da shi. Ban duba sigina ba. A miƙe take.

Ya kai mini duka a bayan hannu. Da zafi, har wurin ya yi ja.

"Afaf!"

Da tsawa ya faɗa, harshen a karkace, amma sunana ne, duka haruffansa. Mu a gidan nan ba mu iya faɗin komai ba sai da tsawa.

Na ce, "Yi haƙuri, ya Usta." Na mayar da jirgin baya, na zagaya na sauke masa hannun.